Ƙodar da Aka Ce Na Sayar

Duk wanda ya ce maka hanyar Libiya tafiya ce, labari aka ba shi. Duka ce, sai dai akan ɗauke ka a mota daga wannan wurin dukan zuwa na gaba. Ni ban tabbatar na bar gida ba sai da muka wuce Dirku, da hantsi, wasu masu rawani da bindigogi suka sha gaban motarmu suka ce kowa ya diro ya kwanta rub da ciki.

Sunana Lawali, mutumin Gangara ta ƙasar Gazawa. Ubana wanzami ne, kakana ma haka. Ni ne na ɗaga hanci na ce tunda na taɓa lakol, wato makarantar boko, ba zan ƙare ina tsotsar ƙaho a ƙeyar mutane ranar kasuwa ba. To ga mai lakol kwance, baki cike da rairayi, wani siririn mutum da bai kai ni ƙarfi ba yana zabga mini tiyon ruwa a gadon baya. Na yi ihu har na kira Inna, abin da rabona da yi tun ranar kaciyata.

Na kusa da ni kuwa ko tari bai yi ba. Wani dogon Bafulatani ne, ana dukansa yana kallon ƙasa kamar ba bayansa ba. Shirun ya ƙara tunzura su, suka taru a kansa su biyu har suka gaji. Suka farke jakunkunanmu, suka kwashi abin da suka ga dama, sannan suka bi bidodin ruwanmu da wuƙa suka huda don tsabar mugunta. Da ƙarar motarsu ta ɓace na juya na ce masa, "Kai, mutum ne kai ko icce?"

"Na sha sharo," ya ce, da irin Hausarsu ta Fulani wadda mace da namiji duk ɗaya ne. "Wanga tiyo ai wasa ne."

Sunansa Buba, daga wata ruga kusa da Gidan Sori. 'Yan bindiga ne suka kore musu shanu, shi ne ya taso zuwa wajen wansa Jaɓɓo da ke Tarabulus. Yana da 'yar salka ɗaure a ƙugu, ƙarƙashin riga, wadda ɓarayin ba su gani ba. Ruwan ciki ɗumi gare shi, ga warin akuya, amma ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba. Da shi ya riƙa jiƙa mini leɓe har muka kai rijiya. Wani dattijo da ke zaune gabana a motar bai kai ba, da hannuwa muka tona masa rami.

A Gatrun bayan Buba ya kumbura ya yi baƙi. Ina binciken abin da ya rage a jakata sai na ci karo da 'yar zabira da Inna ta cusa a ƙasa ban sani ba, da aska da ƙahoni a ciki. Ɓarayin sun buɗe sun ga ba abin ɗauka ba ne. Na zaunar da shi, na tsaga, na kafa masa ƙaho, mataccen jini ya fita. Ya waiwayo yana murmushi.

"Ashe wanzami ne kai, kake ta cika mini kunne da Faransanci."

Daga nan muka zama abokai. Yana kirana Wanzami don ya ba ni haushi, ina kiransa Icce.

A Sabaha muka koyi cewa ba a tsayawa kallon harbi. Bulo muke bugawa a wani fili mai katanga. Ranar da wani mutumin Mali ya tsaya gardama da mai gadin wurin, aka harbe shi a cinya, aka ce mu ci gaba da kwaɓa siminti. Muka ci gaba, yana kwance yana kallonmu, ƙuda na bin jinin. Ba mu ƙara mako a garin ba. Ƙarƙashin buhunan albasa muka shiga Tarabulus a bayan wani kamiyo, babbar motar kaya, har yau ba na son albasa a miya.

Inda muka sauka wani kangon gida ne da ake kira fuwaye, cike da mutanen ƙasar Maraɗi. Shugaban gidan Nomau ne, wani Bagobiri mai furfura daga Gidan Rumji, mai son sulhu da shayi. A nan na fara ganin Jaɓɓo. Ya fi Buba kauri, ba ya dariya, kuma a mayanka yake aikin fiɗar tumaki. Ya dubi ƙanensa tun daga sama har ƙasa, ya tambayi labarin gida a gajarce, ni kuwa ya ba ni hannu kamar mai taɓa abu mai zafi. Buba a gabansa ya koma wani mutum dabam, ba ya ɗaga ido, ba ya zama sai wan ya zauna.

A gidan nan hira ɗaya ce ba ta ƙarewa, hirar ƙoda. Kowa yana da wanda ya san wanda aka kai likita da ciwon kai ya farka babu ƙoda ɗaya. Ba zan ce duk ƙarya ba ne, don a ƙasar nan an yi wa baƙar fata abin da ya fi haka. Amma saboda wannan tsoron, mutum ya gwammace ya ruɓe a kan tabarma da ya taka ƙofar asibiti.

Ni kuwa a asibitin arzikina ya faɗa. Wani ƙaramin asibitin kuɗi ne, suna neman mai shara, ɗan Faransancin nawa ya yi rana don babban likitan, Dokta Faraj, yana ji. Gajere ne mai tumbi, zagi a bakinsa kamar gaisuwa. Wadda ta riƙe ni ita ce Hawwa, wata ma'aikaciyar jinya daga Sudan. Ranar farko ina goge daɓe na ji an ce a bayana, "Ɗan'uwa, daga wace ƙasa?" da wata tsohuwar Hausa irin ta kakanni. Kakanta ne ya taso daga Katsina da ƙafa zai je Makka ya maƙale a hanya. Washegari ta kawo mini miyar kuka a ɗan kwano. Na shiga ɗakin tsintsiya na ci ina kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Ita ta mayar da ni wajen wankin kayan aiki, kuma a nan na fara ganin abin da suke kira turokar. Bututu ne da bai kai taƙi ba, wani kaurin babban yatsa, wani kaurin alƙalami. A cikinsa akwai tsinke mai tsini da ke huda fatar ciki ya buɗe hanya, sai a zare tsinken a bar bututun tsaye kamar ƙofa. A kansa akwai 'yar roba mai rufe kanta, kayan aiki su shiga su fita amma iska ba ta fita. A gefe kuma ga ɗan famfo inda ake haɗa tiyon iska. Hawwa ta bar ni na leƙa ta gilashin ƙofa wata rana. Na ga mutum kwance, ciki ya tashi tim, an kafa masa bututu uku, an zura kamara ta ɗaya, dogayen almakashi ta sauran. Dokta Faraj ko cikin ba ya kallo, idonsa na kan talabijin. Aka gama, aka zare, aka ɗinke 'yan ramuka. Mutumin da kansa ya taka ya fita bayan kwana biyu.

Abin ya tsaya mini a rai, don ƙaho na tuna. Namu yana da 'yar kafa a tsini da Baba ke toshewa da kakin zuma don kada iska ta shiga, nasu kuma yana hana ta fita. Na ce wallahi sai tsohon nan ya ga wannan da idonsa. Akwai irin waɗanda ake aiki da su sau ɗaya a yar. Na roƙi Hawwa, ta dafa mini ɗaya, na naɗe a tsumma na sa cikin zabira tare da ƙahonin.

Ana gab da babbar Salla Jaɓɓo ya bi patoronsa, maigidansa na mayanka, wani gari ɗauko raguna. A lokacin ne Buba ya daina cin abinci. Na tambaye shi, ya ce ba komi. Icce dai. Sai da na dawo aiki wata la'asar na tarar da shi naɗe a bayan gida, zufa na zuba, jiki kamar garwashi. Na danna gefen cikinsa na dama na saki, ya ciji leɓe har jini ya fito.

"Tashi mu tai likita," na ce.

"Bari Hamma ya dawo." Haka yake kiran wansa.

"In Hamma ya dawo gawa za shi iskewa. Tashi!"

Mutanen gida suka taru suna a'a, a jira, a nemo jiƙo. Nomau ya ce shi dai ba ya hanawa ba ya sawa. Na saɓi Buba a kafaɗa na fita da shi.

Dokta Faraj ya taɓa cikin, ya zage ni, ya zagi Buba, ya zagi duk Afirka, sannan ya ce a shiga da shi yanzu. Ɗan hanjin nan ne da ake kira afandisit, ya kumbura yana gab da fashewa. Ban san da me zan saka masa ba, shi ma bai tambaya ba. Da aka fito, Hawwa ta miƙo mini abin a 'yar kwalba, kamar ɗan yatsa, ta ce in nuna wa danginsa. Cikin Buba kuwa huda uku ce kawai, ɗaya a cibiya, biyu a ƙasa, kowace an manne ta da ɗan filasta. Na koma da shi gida ina tafiya ina jin kaina kamar ni na yi aikin.

Ranar Juma'a Jaɓɓo ya dawo. Mun sauko daga masallaci, gida cike, rana tsaka. Kafin in shigo an riga an ba shi labari, an ƙara gishiri. Na tarar da shi durƙushe gaban Buba, ya ɗaga masa riga, ya ɓamɓare filastan yana kallo.

"Wanzami," ya ce, bai waiwayo ba. "An ce an yi ma ƙanena aiki."

"An yi, kuma Allah ya ba da sa'a."

"Ina yankan?"

"Babu yanka. Sabon aiki ne, ta bututu ake yi."

"Kawunmu an yi mishi aiki a Maraɗi. Daga nan har nan." Ya ja yatsa daga ƙirjinsa zuwa mara. "Kowa ya gani, kowa ya san abin da an ɗauka. Wanga rami uku, mi ya shiga, mi ya hita?"

Na kawo kwalbar. Ya ɗaga ta a rana, ya juya, ya ce hanjin kaza ne. Aka yi 'yar dariya mara daɗi. Ya tambayi Buba inda ke masa ciwo, Buba ya nuna kafaɗa da haƙarƙari, kansa a ƙasa.

"Aiki a cibiya, ciwo a kahwaɗa," in ji Jaɓɓo.

Nan na ga dama ta samu in nuna ilimi. Hawwa ta riga ta gaya mini ciwon kafaɗar na sauran iska ne, zai wuce. Na gyara tsayuwa na ce, "Wanga ba komi ba ne, iska ce. Kahin su hwara aiki sai sun hura cikin ya tashi, don su samu wurin gani."

Na ga fuskoki sun canza, ban gane dalili ba sai da Jaɓɓo ya miƙe a hankali.

"Hura," ya ce. "Ni kullum ina hura. Ina huda ƙahwa, in sa tiyo, in hura tunkiya ya tashi, sannan in feɗe in kwashe kayan ciki. Na san abin da ake hurawa. Ba a hura mai rai."

Duk wanda ke wurin ya taɓa ganin mahauci yana hura akuya a bakin kasuwa. Ni ma na gani tun ina ƙarami, amma ko sau ɗaya ban haɗa su ba sai da ya faɗa. Wani ya ce dama tun da na samu aikin nan nake sa sabuwar riga. Wani ya ce a duba kayana. Nomau yana ta "ku dakata, a ji ta bakinai," ba mai sauraro. Aka jawo jakata aka zazzage a tsakar gida. Zabira ta faɗo, aska, ƙahoni, sai ƙunshin tsumma. Jaɓɓo ya warware, ya zare tsinken daga bututun, ya mayar, ya ji ya ce ƙas.

"Ga abin tsotsan," in ji wani. "Har gida ya kawo shi. Saura wa?"

Ban ga wanda ya fara ba. Wani abu ya same ni a ƙeya, na durƙusa, sai ƙafafu. Mutanen da na yi wa aski, waɗanda muke cin tuwo a akushi ɗaya, su ne ke tattaka ni. Wani da bulo, wani da katakon gado. Haƙorina ya fita na ji shi a kan harshe. Suna dukan kwiɓina na hagu kamar an ce musu nan ne wurin. Ta tsakanin ƙafafunsu ina hango Buba zaune a tabarma.

"Buba!" na yi ihu. "Hwaɗa musu! Kai ka san yadda na ɗauke ka!"

Bai ɗago ba. Bafulatani ba ya ƙaryata wansa a gaban jama'a, na sani, an sha gaya mini daga baya. Amma wannan shirun ya fi tiyon Dirku zafi, kuma har yau ban gama haƙura da shi ba.

Sai aka dare. Jaɓɓo ya danne ni da gwiwa, ya yaye mini riga. Na ga turokar ɗin a hannunsa, ya riƙe shi irin riƙon wuƙar fiɗa.

"Ji abin da ƙanena ya ji," ya ce, ya soka mini a kwiɓi da duk ƙarfinsa, ya murɗa.

Ba zafi na fara ji ba, wani ɗumi ne ya bi bayana. Sannan na ji nauyi ya faɗo a kaina. Buba ne, ya rarrafo ya kwanta a jikina, wani shurin da aka kawo mini ya same shi a kan ɗinkinsa. Ya ɗaga kai ya kurma wa wansa ihu da Fulatanci. Ban ji abin da ya ce ba, amma tun daga hamada wannan ne karo na farko da na ji muryarsa ta tashi. Daga nan ban ƙara sanin komai ba.

Na farka na ga silin ɗin da nake share wa yanar gizo. Hawwa na zaune gefena. Na kai hannu cikina na ji bandeji tun daga ƙarƙashin ƙirji har mara.

"Ba su sa mini bututu ba?" na ce. Abin da ya fara zuwa bakina ke nan, don wauta.

"Babu lokacin bututu, ɗan'uwa. Jini ya cika maka ciki. Sai da aka buɗe."

Ita ta ba ni sauran labarin. Nomau ne ya tilasta wa Jaɓɓo ya ɗauko ni, ya ce wanda ya zubar da jini shi zai ɗauki mai jinin. Da Dokta Faraj ya fito daga ɗakin aiki aka gaya masa dalilin dukan, sai ya shaƙo Jaɓɓo a wuyan riga, ya ja shi ɗakin eko, inda ake hoton ciki. Ya kwantar da Buba, wanda ya biyo mu, ya shafa masa mai, ya ɗora na'urar a dama ya nuna, ya ɗora a hagu ya nuna. Ƙoda biyu, lafiya lau. Jaɓɓo ya kalla ya ce shi bai san talabijin ba. Likita ya fita ya dawo da tasar ƙarfe ya dangwara masa a hannu, ya ce wa Hawwa ta tambaye shi ko wannan ya san ta.

"Ya daɗe yana kallo," in ji Hawwa. "Sannan ya ce, ƙoda ne, ya hwashe. Ya ce na wa. Na ce ta wanda ka ce ya sayar."

Likita ya so ya kira 'yan sanda, na hana. Kada wani ya ce tausayi ne. In suka zo, gidan gaba ɗaya za su kwashe, har da Buba da ɗinkinsa, kuma na san abin da ake yi wa irinmu a kurkukun ƙasar. Jaɓɓo bai zo duba ni ba. Buba ya zo kullum, ya zauna bakin ƙofa, ba ya magana, ni ma ba na yi masa.

Da na warke ban iya ɗaukar ko bokitin ruwa ba. Na bi jirgin da ke mayar da mutane gida zuwa Yamai, daga nan Maraɗi, Agiye, sai ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni Gangara, kowane rami a hanya ina jin sa a kwiɓi. Abin da na tarar ya fi wanda na baro. Tun ranar dukan wani ya buga talho gida ya ce ɗan wanzami ya sayar da ƙodar Bafulatani a Libiya. Abin da ya biyo baya kuwa ba wanda ya ɓata kati ya faɗa.

Rabin masu zama gaban Baba ranar kasuwa Fulani ne, su ne masu aski, su ne masu ƙaho. Duk sun ɗauke ƙafa, sauran ma suka bi su. Inna ta daina zuwa sayen nono, don in ta tsaya sai matan su rufe ƙwarya. Baba bai tambaye ni komai ba. Kowace kasuwa zai ɗauki zabira da tabarma ya je gindin bedinsa, itacen dogon yaro, ya zauna, ya wasa aska, ya dawo da yamma bai taɓa kan kowa ba. Haushi ya sa wata rana na ɗaga riga a majalisa na nuna musu tabon na ba su labari. Suka yi ta salati. Ban kai ƙofar gida ba na ji an ce, "Ka gani, ashe har tashi ya saida."

Aka yi damina aka gama, aka yi girbi. Wata ranar kasuwa ina zaune kusa da Baba don kada ya zauna shi kaɗai, sai na ga mutane suna darewa daga wajen turken dabbobi. Dogon mutum ne tafe, janye da jar karsana. Ya zo har gindin bedin, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ɗaure igiyar a saiwa.

"Wanzami," ya ce.

"Icce."

"Habbanaye ne. Cikin 'yan da ya rage wajen kawu. Ka riƙe ya haihu maka." Kowa a ƙasarmu ya san Bafulatani ba ya ɗaura wa mutum saniyar habbanaye sai wanda ya ɗauka ɗan'uwa.

"Hammanka ya aiko ka?"

"Hamma bai ce komi ba. Ya ce dai in ɗauki jan, ya hi kyau."

Na ce masa, "Ka ce mishi saniya ba ƙoda ba ce."

"Ya sani," in ji Buba. "Ya riƙe tasan."

Jama'a sun riga sun kewaye mu, Fulani da sandunansu a baya. Sai Buba ya miƙe, ya tuɓe riga a tsakiyar kasuwa, gaban dattawan rugarsu, ga tabon sharo a ƙirji. Ya ɗaga murya, mutumin da sai ka matso kake jin sa.

"Ku duba! Rami uku! Wanga mutum ya ɗauke ni a kahwaɗa ina mutuwa. Ƙodana biyu, na gani da idona. Nashi guda, mu mun hwasa ɗayan. Ina zaune an yi, ban ce komi ba. Yau na ce."

Baba ya yafito shi, ya sa shi ya durƙusa. Ya bi tabo ukun ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, yana dannawa yana saki, irin duban da yake yi wa kaciya in ta warke. Sai da ya nemo na cibiyar, don ya kusa ɓacewa.

"Wanga likita hannunai da kyau," ya ce.

Sannan ya juyo gare ni. Tun da na dawo bai taɓa cewa in nuna masa ba. Ya ɗaga rigata da kansa, ya ɗora yatsa a saman tabon, ya bi shi a hankali har ƙasa, ya zagaya ya taɓa ramin da ke kwiɓi. Hannun nan da ban taɓa ganin ya yi rawa ba, ko a kan jariri ranar suna, na ji shi yana karkarwa a fatata.

Wani tsohon Bafulatani ya ratso mutane. Ya jingine sandarsa a bedi, ya cire malfa, ya zauna a tabarma ya miƙo kai. Baba ya ɗauki aska, ya dubi hannunsa, ya ga ba zai iya ba.

"Lawali," ya ce, "kama."

Na dubi tsohon. Ya ji sarai, bai tashi ba, sai ma ya ƙara sunkuyar da wuya. Na karɓi askar, na jiƙa masa kai da ruwa, na fara daga goshi.